Kuka, kuɓewa da auduga ashe 'yan gida ɗaya ne

Wai kun san miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo duk gida ɗaya suka fito? Masana tsirrai suna kiran gidan Malvaceae, wani Bafaranshe Jussieu ne ya raɗa sunan tun 1789, kuma ire-iren tsirran da ke ciki sun haura 4,000. Rama na ciki, yakuwa, auduga, rimi, itacen gurjiya, goro, kai har koko da ake cakulan da shi wanda asalinsa Kudancin Amurka ne.

Da can fa kuka da rimi gidansu daban, goro da koko daban, lalo ma daban, sai a 1998 masana suka bi gwajin DNA suka ga tushen ɗaya ne aka haɗe su.

Ni dai a wurina fure shi ne babbar shaida. In damina ta yi ka leƙa gonar kuɓewa da sassafe ka duba furen da kyau, ganyen furen biyar ne rawaya, gindinsu ja ya yi duhu, a tsakiya kuma akwai wani ɗan sanda da garin fure ya baibaye shi, sassan namiji ne suka manne suka zama bututu, na macen ya ratso ta ciki ya leƙo sama. Je ka duba na rama da na auduga, wallahi kamar an tsaga kara, sai dai na auduga washegari ya juye ja-ja. Furen kuka fari ne ƙato yana reto, da magariba yake buɗewa, jemagu ne ke kai masa ziyara, warinsa kam ba daɗi, amma bututun nan yana nan.

Sai yauƙi, da ƙananan gashi a jikin ganye (duk wanda ya tsinki kuɓewa ya san ƙaiƙayin nan), da ɓawo mai zare shi yasa ake tufka igiya da rama da ɓawon kuka.

Amma kar yauƙi kaɗai ya ruɗe ka, karkashi ma ai yana yauƙi sosai, shi kuwa dangin riɗi ne ba ruwansa da su. Goro kuma ɗan gidan ne amma furensa ko ganyen fure biyar ɗin nan ba shi da su, da ido kawai ba za ka taɓa cewa ɗan'uwan auduga ne ba.