Rajistar ƙarfe takwas

Talata, bayan sallar isha.

Tara saura kwata na isa ofis yau, amma a rajista 7:55 na rubuta. Wanda ya riga ni 7:50 ya sa, ni layi kawai na bi. Baba masinja ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi sammako." Na ce Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Babu wuta. Janareta kuwa sai Oga na nan ake tayar da shi, shi kuma tun Alhamis yake wajen taro a Abuja. Muka ja benci zuwa gindin darbejiya. Yau biyar ga wata, alat shiru. Wayar mutum ɗaya ta yi ƙara, mutum shida su kai hannu aljihu.

Wajen sha ɗaya wakilin ƙungiya ya zo da takarda: akwai taro jibi kan ariyas ɗin ƙarin girma. Abin ya shafe ni, domin tun 2022 takardata ta mataki na 9 take cikin durowa, albashin kuwa har gobe na mataki na 8 ne. Kafin ya gama karantawa Hajiya ta sashen kuɗi ta tare shi. "Kwamared, don Allah ka ƙyale mu. Kuɗin ƙungiya ne kaɗai ba a taɓa mantawa da cirewa ba." Ta tuna masa ranar 3 ga Yunin 2024, da manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki, suka kashe wutar ƙasar nan gaba ɗaya, jirage suka kasa tashi. A lokacin naira 494,000 ake nema a matsayin mafi ƙarancin albashi, aka sauko 250,000, ƙarshe a Yuli Tinubu ya sa hannu a kan 70,000. A takarda an ninka 30,000 ɗin 2019 har da ɗoriya. To amma litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023, ita ce ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mu na tsakiya kuma abin da aka ɗora mana ko kuɗin mota bai rufe ba.

Kwamared ya fusata. Ya ce, "Hajiya, in an kira taro mutum nawa ke zuwa? Ku ƙi fitowa, sannan ku ce an sayar da ku." Kowa ya yi tsit, don shi ma bai yi ƙarya ba. Ni dai a raina cewa nake, wane yajin aiki ake nema wanda ba mu riga mun shiga ba? Namu dai ba a sanar da shi a rediyo ba ne kurum.

Ana cikin haka wani dattijo ya iso, da takardu a leda. Ɗan fansho ne, ana neman kwafin takardar kama aikinsa wajen tantancewa. Shekara 35 ya yi yana aiki. Na ba shi kujera, ya zauna yana ba ni labarin Udoji, ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata zamanin Gowon, yadda ya karɓi ariyas ya sayi babur sabo fil, a garinsu har leƙowa ake a ga ma'aikacin gwamnati. Ya yi dariya sosai, ni na kasa.

Fayil ɗinsa yana sito. Siton duhu ne, ga ƙura, ga ɓeraye, amma da fitilar waya minti ashirin ya ishe ni. Sai dai ƙarfe ɗaya ta gota, yaron da ke riƙe mini shagon POS zai tafi islamiyya, kuma shagon nan shi ke ciyar da gidana daga tsakiyar wata. Na ce, "Baba, mai makullin ba ya nan, sai dai ka dawo jibi." Makullin kuwa yana aljihuna.

Bai yi musu ba. Ya ƙirga canjin da ya rage masa na mota a gabana, ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Gara a ce zagina ya yi.

Maman yara ta tambaya ko an ga alat, na girgiza kai, ba ta ƙara ba. Na sa tocila a jaka. Sai yanzu na tuna ashe jibin ne taron su Kwamared, ƙarfe goma.