Giwan ruwan da ya yanke mini igiya a Yawuri

Makonni uku ke nan da dawowata daga Yawuri, amma har yanzu idan na kwanta sai in ji yadda igiyar nan ta saki a hannuna. A farkon watan Nuwamba na je, ana tsakiyar kaka, lokacin da jan ruwan damina ya fara kwantawa a tafkin Kainji, hazo kuma ya soma sauka da asuba. Masunta sun san darajar wannan lokaci, domin giwan ruwa da ido yake farauta, kuma da zarar ruwa ya washe sai ya laɓe a gindin duwatsu yana dakon ƙananan kifayen da suka yi ƙiba a cikin ciyayin da ambaliya ta shanye.

Tun muna bakin gaɓa dattijon da ya ɗauke ni a kwalekwalensa ya karɓi fatsata, ya murza igiyar a tsakanin yatsunsa, ya ce, "Ɗana, wannan ta tarwaɗa ce. Ka ɗaura mata mai kauri, kamu biyu daga ƙugiya." Na ce, "Baba, ruwan ya yi garau, ina tsoron kifi ya hango mai kauri ya ƙi ci." Bai ƙara cewa uffan ba, sai ya tura jirgi.

Na soka wa kawara mai rai ƙugiya a gadon baya, na sake ta kusa da wani dutse. Rana ba ta gama fitowa ba na ji fizgar da ta kusa raba ni da sanda. Mun daɗe muna ja-in-ja, har kifin ya taso ya yi tsalle gab da jirgi, baki a wangale, jiki fari fat kamar azurfa, ido yana ƙyalli, yana girgiza kai da ƙarfi. A daidai nan na ƙara kuskure a kan kuskure, domin maimakon in sunkuyar da sanda sai na ja da iya ƙarfina. Igiyar ta dawo mini fayau, bakinta a yanke sumul kamar an sa reza.

Abin da dattijon ya sani ni kuwa na raina shi ne, gefen murfin kumatun giwan ruwa yana da kaifi kamar zarto, ga kuma ƙaya, kuma duk lokacin da ya girgiza kai a nan igiya take gogawa. Siririyar igiya, komai sabuntarta, ba ta jure wannan. Kamu biyu kacal, wanda kuɗinsa bai kai na kawarar da na yi ƙoto da ita ba!

Washegari na ɗaura mai kaurin, kuma kifi bai ƙi ci ba, wanda ya nuna mini cewa tsoron da na kafa hujja da shi ba shi da tushe. Na kama mai kilo 6, na gode wa Allah, amma ko rabin na jiya bai kai ba. Yanzu kowace jifa sai na shafa igiyar da yatsa daga ƙugiya zuwa ƙulli, idan na ji kaushi ko kaɗan in yanke in sake ɗaurawa. Guntuwar igiyar da ya yanke kuwa tana nan cikin jakar fatsata, kuma da ita zan koma Yawuri kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu.