Hayar gado a gidan yarin gunduma

Talata, da dare.

Yanzu na dawo daga zaman majalisar gundumarmu, gara in rubuta kafin barci ya wanke mini lissafin. An buɗe zama ƙarfe shida, ba a tashi ba sai goma saura. Manyan batutuwa biyu ne a ajanda: kasafin kuɗin baɗi, da maganar ko za a sabunta yarjejeniyar da ta bai wa ICE, hukumar shige da fice ta gwamnatin tarayyar Amurka, hayar gadaje a gidan yarin gunduma. A takarda an raba su, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Kafin a kai can, an tattara ƙananan batutuwa, gyaran kwalbati, sayen gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, da sauransu, aka amince da su da ƙuri'a ɗaya. Wannan damin ne ya kamata a riƙa karantawa da kyau, don duk abin da aka cusa ciki ya wuce ba muhawara, sai in wani ɗan majalisa ya ce a ciro shi. Daga nan aka ba jama'a fili. Sai ka cike kati kafin a buɗe zama, minti uku ake ba kowa. Akwai 'yar fitila a gaban lasifika, kore, rawaya, ja. Da ta yi ja an katse ka ko kana tsakiyar jimla. 'Yan majalisa ba sa amsa maka, ido kawai suke zuba maka. Mutum biyu daga cikin mutanenmu sun zo bayan an kwashe katunan, haka suka koma gida da maganarsu a ciki.

Yarjejeniyar kanta ba ta da wuyar ganewa. Gunduma ta gina gidan yari da ya fi ƙarfin fursunoninta, gadaje na zaune, bashin ginin yana cin ruwa. ICE tana neman wurin ajiye mutane, sai ta biya kuɗi a kan kowane mutum, kowace rana. Gundumar McHenry a jihar Illinois dala 95 take karɓa kafin a rufe nata shirin. Da wannan farashi, mutum 100 a shekara ya kama dala miliyan 3 da dubu 467 da 500. Wanda ya ga wannan a shafin kuɗin shiga, da wuya ya so a taɓa shi, tunda in an cire, harajin gidaje da filaye ne zai cike giɓin, kuma shi ne harajin da ke kayar da ɗan majalisa a zaɓe.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kuɗin shigar a layi ɗaya yake, ƙato, kowa na gani, amma abin da ake kashewa an warwatsa shi. Albashin ƙarin gandurobobi da kuɗin aikin da suka yi bayan lokaci suna cikin kason ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma mai kula da gidan yarin. Kwangilar likita da magani tana wani shafi. Abinci daban, man motar kai mutane asibiti daban, inshora da kuɗin lauyoyi suna can wajen ofishin shari'a, fansho kuwa sai nan da shekaru zai bayyana. Na bi shafukan da biro tun da rana, na kasa fitar da riba tsantsa. Wata dattijuwa da ta ce ta yi aikin akanta ta yi wannan tambayar a minti ukunta: bayan an cire komai, nawa ya rage? A ganina duk daren ba wanda ya kai ta. Ba a amsa mata ba.

Akwai kuma abin da ba ya hannun gunduma sam, wato yawan mutanen da za a kawo. Yau ɗaki ya cika, wata shida a gaba ya zama rabi, ma'aikatan da aka ɗauka kuwa suna nan. Shi ya sa wasu wuraren ke neman a sa musu sharaɗin biyan mafi ƙarancin adadin gadaje, ko da mutum ko babu. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin tarayya ya nuna a rahotonsa na 2021 cewa ICE ta biya miliyoyi a kan gadajen da ba kowa a kai. Tun da dokar Yuli 2025 ta ware dala biliyan 45 don wuraren tsarewa, masu goyon baya suna cewa ba za a rasa ciniki ba. Wataƙila. Amma kasafin da ya jingina da siyasar Washington, ranar da iska ta juya shi ma sai ya juya.

Wani Alhaji ɗan Ghana da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Malam, waɗannan da ake tsarewa, laifin me suka yi?" Na ce, "Alhaji, tsarewar shige da fice ba hukuncin laifi ba ce, jiran shari'ar zama ko kora ce." Shi ya sa gwamnati ba ta ba su lauya kyauta kamar yadda take ba wanda ake tuhuma da sata. Amma kayan fursuna suke sawa, ƙofar ƙarfe ɗaya ake rufe musu.

Masu magana da dama sun cakuɗa abubuwa uku. Hayar gado daban take. Shirin 287(g), wanda aka ƙara a dokar shige da fice a 1996, shi ne ke ba jami'an sherif damar yin wani ɓangare na aikin ICE. Na uku takardar da ICE ke aikowa tana roƙon a ƙara riƙe mutum har awa 48 bayan lokacin sakinsa ya yi. Wannan ta ukun ita ke jawo ƙara: a 2014 kotun tarayya ta ce gundumar Clackamas a Oregon ta keta haƙƙin wata mata da ta riƙe da irin wannan takarda kawai. ICE ce ta roƙa, gunduma ce ta amsa ƙarar. Sannan sherif zaɓaɓɓe ne, ba yaron majalisa ba. Majalisa na riƙe da lalita, shi yana riƙe da makulli.

Ɓangaren masu adawa ma akwai tambayar da ba su so. In an soke yarjejeniya, ba sakin kowa ake yi ba. Majalisar McHenry ta kaɗa ƙuri'ar ci gaba a watan Mayun 2021, daga baya dokar jiha ta hana, gundumar ta kai ƙara ta sha kaye. Da aka kwashe mutanen a farkon 2022, an saki wasu, aka tura wasu jihohi masu nisa, inda iyali da lauya ba sa iya kai musu ziyara cikin sauƙi. Wata lauya ta faɗi haka a daren nan, 'yan ɓangarenta suka yi tsit.

Ba a yi ƙuri'a ba. An tura batun ga kwamitin kuɗi, wanda ke zama da safe ranar aiki, lokacin da yawancin waɗanda suka cika zauren nan suna bakin aiki. Gobe zan cike takardar neman bayanan gwamnati: kwafin yarjejeniyar da duk gyare-gyarenta, takardun biyan kuɗi na wata-wata, adadin waɗanda aka tsare kullum, da kuɗin aikin bayan lokaci na gidan yari, shekara uku baya. Sai na rubuta ainihin sunan kowace takarda da kwanan wata, in ba haka ba za su ce buƙatar ta yi faɗi su dawo mini da ita.