Jakar golf mara nauyi, da abin da na gani a kafadar kadi na

Jakar golf dina ta farko a gwanjo na saye ta, irin katuwar nan mai kyalli da ake gani a talabijin a bayan manyan yan wasa, kuma gaskiya ina sonta sosai a lokacin. Kusan shekara biyu ina zuwa fili da ita ban taba sanin nauyinta ba, don mu nan ai ba kai kake dauka ba, kana yin fakin yaran kadi, wato masu daukar wa dan wasa jaka, sun zagaye mota, daya ya bude but ya rataya, kai dai naka tafiya da hannu a aljihu.

Wata Asabar cikin watan Maris, ranar nan da take dukan tsakar ka tun karfe goma, mun kai rami na 13 sai na lura yaron da yake daukar min ya nade tawul din goge sanda ya cusa karkashin maratayin jakar. Yaro ne da ba zai wuce shekara sha shida ba. Na ce ya sauke in gani, ya ja wuyan rigarsa, wajen duk ya yi ja ya fara sabulewa. Ya ce "Yallabai ba komai wallahi, mun saba." Maganar nan ta tsaya min a rai har gida.

Washegari na dauki jakar yadda take na kai wajen mai gas din unguwarmu na ce ya dora min a sikeli. Kilo 13 da doriya. Muka zazzage komai muka auna ta zalla, kilo hudu da rabi, wato tun kafin a sa sanda ko daya. Kuma rami 18, wato cikakken zagayen fili, ba wasa bane, in ka hada da zagayen neman kwallo a ciyawa da tafiya tsakanin rami da rami mutum yana taka kilomita takwas cikin sauki, awa hudu ana abu daya.

Daga nan na fara neman jaka mara nauyi, kuma na yanke cewa zan rinka dauka da kaina akalla ranakun da nake buga rami tara da yamma. In dai ba irin filin IBB na Abuja ba inda ake samun yar motar fili, mu na Kaduna da Kano da Jos yawanci a kasa muke takawa, toh jakar da aka yi don a daure a mota ba tamu bace.

Wadda ake yi don rataye ita ce mai kafafu biyu da suke budewa da kansu in ka ajiye, kamfanin Sun Mountain na Amurka ne ya yi suna da ita tun shekarun 1980, sai kuma Hoofer ta kamfanin Ping da duk tsohon dan golf ya sani. Yawancinsu kusan kilo biyu ne, akwai kuma wadanda aka rage su har kasa da kilo daya da rabi. Da farko ni ma lamba nake bi, wadda ta fi karancin nauyi ita nake so, amma da na taba irin marasa nauyin nan sosai a hannu sai jikina ya yi sanyi. Yadin siriri ne kamar na lema, kafafun kamar tsinke, kuma kasarmu da rani tauri gareta, ga kayoyi masu suka, ga iskar hunturu da za ta iya kifar da ita. Rabin kilon da ka rage a nan za ka biya shi wajen shumeka. Ni dai a ganina kilo biyu ya yi daidai.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne maratayi, kuma nan ne mutane ba sa tsayawa. Dole ya zama guda biyu kamar jakar yan makaranta, mai fadi, da soso mai kauri, yadda nauyin zai rabu a kafada biyu maimakon ya danne daya. Sannan akwai dan matashin da yake zama daidai kugu, in babu shi jakar za ta rinka bugun kwankwasonka duk taku. Kada ka yarda ka gwada jaka babu komai a ciki, kowace jaka dadi gareta a haka. Ka zuba sandunanka ka rataya ka yi zagaye ko na minti biyar ne, ka ga ko ta kwanta a bayanka kan sandunan na dan kallon sama, ko kuwa ta karkata gaba suna neman zubowa. Wata da na gwada mai tsada ce amma duk yadda na ja madaurin sai ta zame gefe, na ajiye musu abarsu.

Bakin jakar ma abin dubawa ne. Akwai mai gida 14, kowace sanda da dakinta, tana da kyau a ido amma nauyi ne kari. Mai gida hudu ko biyar ta isa, sharadin dai rabon ya sauka har kasa, in ba haka ba marikan roba su sarke a ciki kana ja suna ja.

Toh sai kuma abin da muke cusawa da hannunmu. Ranar sikelin nan kwallo 31 na kirga a aljihun jakata, kowace daya kusan giram 46 ce, ka ga kusan kilo daya da rabi kenan na kwallo kawai, ga lema da rani, ga tsohon takalmi. Yanzu shida nake dauka. Ruwa ne kadai bana ragewa, lita daya kilo daya ne amma a zafinmu ba a wasa da shi, shi yasa na nemi mai aljihun gora a waje inda hannu zai kai kana tafe. Su ma sandunan doka cewa ta yi kada su wuce 14, ba ta ce sai sun kai ba. Wucewar ce matsala, dan wasan golf Ian Woosnam a babbar gasar Open ta Birtaniya ta 2001 yana cikin na gaba a ranar karshe aka ga 15 a jakarsa, aka kara masa bugu biyu a matsayin hukunci. Ni da yamma sanduna takwas nake fita da su kuma ban ga ya taba min maki ba.

Wadda na saya daga karshe mai gida hudu ce, aljihu biyar, da hular ruwan sama saboda damina. Na mayar da ita wajen mai gas da komai a ciki, kilo tara. Ranar da yaron nan ya fara rataya ta sai da ya juyo ya leka ciki ya ce "Yallabai ko an manta wasu a mota ne?" Na gyara masa madaurin daidai tsawonsa muka tafi, tawul din kuma yana rataye a inda aka yi masa wuri.

Matsala daya da na samu ita ce zif, kurar hunturu tana shiga hakoransa ya fara cijewa, sai na koma goge shi da tsohon buroshin hakori duk karshen mako ina dan goga masa kyandir, tun daga nan bai kara makalewa ba.