Baron kayan marmari a Tudun Wada

Daga Damagaram na taho Kaduna, wurin ƙanin mahaifina da ke sayar da kayan marmari a Tudun Wada. Hausa ɗaya muke yi da mutanen nan, amma sai da kunnena ya saba, kuma lissafin naira ya wahalar da ni, ni da na tashi da sefa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawan 'ya'yan itace. A gida mun san dabino da kankana, sai mangwaro idan lokacinsa ya yi. Nan kuwa motoci na sauke lemu daga Binuwai, abarba da ayaba daga kudu, ba a yankewa.

Baffa ya ba ni baro. Duk ɗan sana'ar nan ya san abincinmu: ayabar da ta fara baƙi, gwandar da ta bugu a gefe, mangwaron da ya yi luguf. Ba a zubarwa, ci ake yi. Sai ciki ya cika taf da hantsi, amma kafin azahar yunwa ta dawo, har jiki na rawa.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen lemu a wurina ce ta warware mini. Ta ce, "Ɗana, zaƙin nan akwai wani irin sukari a cikinsa da ake kira furuktos. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma ba ya tayar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kamar yadda sukarin gulukos ke yi, shi ya sa saƙon ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa da ƙarfi. Ga shi kayan naka ba su da maiƙo, ba su da abin gina jiki sosai. Ka haɗa da wake ko gyaɗa."

Na ce, "Hajiya, to in daina ke nan?" Ta ce a'a. Wanda ya ci lemu da tsokarsa, ya tauna, sukarin a hankali yake shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Inda matsalar take shi ne matsewa a sha, da lemon kwalba, domin sukarin shayi ma rabinsa furuktos ne, kuma idan ya yi yawa hanta na mayar da shi kitse. Ruwan da aka matse da zuma duk suna cikin sukarin da hukumar ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, musamman da azumi. Magidanci zai sayi leda guda ta lemu, a matse, a ƙara sukari, yara su sha kofi biyu-biyu. Babu yaron da zai zauna ya cinye lemu shida, amma a kofi cikin minti ɗaya ya shanye su. Ina faɗa wa masu saye su yanka su ci, ko da hakan zai rage mini ciniki, don Baffa kansa yana fama da ciwon suga, ni nake raka shi asibiti.

Yanzu da asuba sai na tsaya wurin mai ƙosai kafin in nufi sari.