“An Yi Masa Allura”: Yadda Na Kusa Kashe Duna da Hannuna

Shekara 9 ke nan ina kiwon kaji a wata 'yar gona da ke bayan garin Zariya, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa tsallake rigakafi na biyu na Gumboro, cutar nan mai kashe 'yan tsaki, ba, ko da kuwa ranar ta faɗo a kan Sallah. Na fara da wannan ne domin a gane irin haushin kaina da nake ji har yau, saboda sakacin da ba zan taɓa yi wa ɗan tsako ba shi na yi wa ɗan kwikwiyo, kuma saura ƙiris ya mutu a gabana.

Bayan ɓarayi sun haura katangar gonar sau biyu sun kwashe mini raguna, sai na yanke shawarar neman karen gadi. Aka haɗa ni da wani mai kiwon karnuka a Kaduna, na je na zaɓi wani ɗan mako 7, ruwa-biyu ne, ubansa irin karnukan 'yan sandan nan da ake kira Alseshiyan, uwarsa kuwa 'yar gida. Baƙi ne wuluk, shi ya sa yaron da ke kula mini da gona ya raɗa masa suna Duna tun kafin mu sauke shi daga mota. Tambaya ɗaya na yi wa mai karnukan game da lafiyarsa, na ce ko an yi masa allura, ya ce, “An yi masa, Alhaji, ga ma katinsa.” Na karɓi katin, na ga an manna wata 'yar takarda mai sunan magani da kwanan wata, ban dubi layukan da ke ƙasa ba, na jefa shi cikin aljihun mota. Daga wannan rana sai na ajiye a raina cewa kare na da allura, an wuce wurin, kamar yadda ake cewa an yi wa yaro kaciya.

Makonni shida da suka biyo baya babu abin da zan ce a kansu, yana ci yana girma yana tauna takalman mutane. Abin da ya kamata a ambata kawai shi ne na bar shi yana bin yaron gona duk inda ya sa ƙafa, har bayan katanga wurin bolar da karnukan ƙauyen ke taruwa, kuma damina ce, ƙasa a jiƙe take kullum.

Ranar wata Talata a cikin watan Agusta, yana ɗan mako 13, ya ƙi taɓa tuwon da aka jiƙa masa da romon kawunan kaji, abincin da a da sai an ture shi kafin a ajiye kwano. Ranar Laraba ya fara aman kumfa ruwan ɗorawa, ya koma ƙarƙashin tankin ruwa ya kwanta. Na ce tsutsar ciki ce, na aika aka sayo maganin tsutsa na ɗura masa, bai yi minti goma ba ya dawo da shi. Da yamma wani maƙwabcinmu mafarauci, wanda ya fi ni daɗewa da karnuka nesa ba kusa ba, ya leƙo ya ce guba ya ci a bola, a ba shi manja da madara. Na bi wannan ma, yaron gona ya riƙe masa baki ni kuma ina ɗurawa da cokali. Cutar da ke kama 'yan kwikwiyo ba ta ko zo mini a rai ba, domin a tunanina an riga an toshe wannan ƙofar, ai an yi masa allura.

Daren Alhamis ne na san lamarin ya fi ƙarfina. Yaron ya buga mini waya wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ce, “Maigida, gara ka zo ka gani da idonka.” Tun daga bakin ƙofar gonar wari ya tare ni, ɗoyi ne mai haɗe da ƙarnin jini wanda ban taɓa jin irinsa ba, alhali ni mutum ne da ya sha kwashe matattun kaji. Da na haska fitila sai na ga zawo ne tsululu kamar ruwan wankin nama, ya malale a kan siminti, Duna kuma na kwance a gefe, ya ɗago ido ya dube ni amma ya kasa ɗaga kai. Ya ja jiki zuwa kwanon ruwa ya lasa sau biyu, nan take ya amayar. Ban koma gida ba a daren, na zauna a kan buhun dusa ina jiran gari ya waye.

Likitan dabbobin da muka kai wa shi da safiyar Juma'a bai yi gaggawar magana ba. Ya kama fatar bayan wuyansa ya ja sama ya saki, sai fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma, maimakon ta koma nan da nan yadda take yi a jikin dabba mai lafiya. Ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashinsa, fari fat kuma a bushe. Sannan ya ɗebi ɗan kashin da tsinken auduga ya gwada a wani ɗan faifai mai kama da na gwajin zazzabin cizon sauro, kafin minti goma layi biyu suka fito. Ya ce wannan ita ce cutar da suke kira farbo, sai ya tambayi katin rigakafi. Na ce da shi da ƙwarin gwiwa ai an yi masa allura. Ya ce, “Sau nawa, Alhaji?”

Na fita na tono katin a ƙarƙashin rasiɗan abincin kaji. A layi na biyu, wanda ban taɓa kallo ba, an rubuta kwanan watan allura ta gaba da fensir, kuma ranar ta wuce da fiye da mako biyu. Likitan ya fara yi mini bayanin cewa ɗan kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa, kuma muddin wannan garkuwa na nan da ƙarfi a jininsa tana iya kashe tasirin allurar farko, sannan babu wanda ya san takamaimai ranar da za ta gushe, saboda haka ake fara allura yana ɗan mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ban bari ya ƙarasa ba, ni na ƙarasa masa, domin wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa muke maimaita Gumboro, kuma na sha zaunar da sababbin masu kiwo ina koya musu shi. Ya dube ni ya ce, “To ashe ka sani.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ƙara da wani abu da nake ganin adalci ne in faɗa, cewa ko da na kawo shi allura ta biyu a kan lokaci ba lallai ne ta kare shi gaba ɗaya ba, shi ya sa ake hana ɗan kwikwiyo yawo inda wasu karnuka ke kashi har sai ya kammala dukkan allurorinsa. Wato kuskurena biyu ne, amma uwarsu ɗaya, wannan magana ta “an yi masa” da na haɗiye ba tare da na tauna ba. Ita ce ta sa na bar shi yana kiwo a bola, ita ce kuma ta sa na ɓata kwana uku ina neman tsutsa da guba. Game da manja da madara kuwa, cewa ya yi ɗura wa dabbar da ke amai abu da ƙarfi na iya sa ya faɗa mata cikin huhu, kuma mu gode wa Allah da hakan bai faru ba. Ban tambayi mai karnukan yadda ya adana allurar farkon ba, ko a cikin sanyi take ko a aljihun riga, ni da ba na karɓar Lasota, wani rigakafin kaji, sai na ga ƙanƙara a cikin fulas.

Abin da na fahimta a kwanakin jinyar shi ne ƙwayar cutar tana bin sassan jikin da ke sabuntawa da sauri, sai ta cinye shimfiɗar cikin hanji, ta kuma taɓa ɓargo inda ake yin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Hanji ya zama a kwaile, ruwa da jini na zuba, wasu ƙwayoyin cuta na daban da ke zaune a cikinsa suna samun hanyar shiga jini, ga shi kuma masu tsaron sun ragu. Babu wata allura da likitan zai yi ta kashe ƙwayar kanta, aikinsa shi ne ya riƙe ran dabbar har jikinta ya yi nasara: ƙarin ruwa ta jijiya, maganin tsayar da amai, da maganin kashe waɗancan ƙwayoyin da ke kutsowa daga hanji. Cutar ba tsohuwa ba ce, a 1978 aka fara gane ta a jikin karnuka, cikin ɗan lokaci kuma ta game duniya. Idan ba a yi jinya ba, kusan 9 cikin 10 na 'yan kwikwiyon da ta kama mutuwa suke yi, idan kuwa an kai su da wuri mafi yawansu suna tashi. Wannan “da wuri” ita ce ta hana ni barci, domin na san nawa bai zo da wuri ba.

Kwana biyar ya yi ana ƙara masa ruwa. An aske masa gashin ƙafar gaba an ɗaure allurar da filasta, ledar ruwan na rataye a jikin ƙusa, ni kuma ina zuwa safe da yamma in tsaya a bakin kejin, in tsoma takalmina a ruwan bilic kafin in fita. Kuɗin da na kashe ya ninka na allurorin da suka rage masa sau fiye da goma, kuma ya haura kuɗin da na sayi karen kansa. A majalisarmu an yi mini dariya har da masu cewa ko ɗan mutum sai haka, kare ne fa, idan ya mutu a kawo wani. Wani kawuna ne ya kashe maganar, ya tuna musu hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce balle wanda kai ka ɗauko shi daga wurin uwarsa ka kawo gidanka. Uwargida kuwa ba ta ce komai a kan kuɗin ba, tambaya ɗaya ta yi mini, wai me ya hana ni karanta katin, kuma har yau ban ba ta amsa ba.

A rana ta huɗu Duna ya lashi ruwa ya zauna a cikinsa. A ta biyar likitan ya miƙa masa 'yar tsokar kaza dafaffiya da ba ta kai girman babban yatsa ba, ya shinshina ya kau da kai, can kuma ya juyo ya ɗauke. Na fita waje na tsaya a jikin mota na ɗan lokaci, domin ban so ma'aikatan wurin su ga fuskata ba.

Wahalar da ban yi zato ba tana jirana a gona. Wannan ƙwayar cuta tana iya zama a cikin ƙasa watanni, har shekara a wuri mai inuwa da danshi, kuma yawancin magungunan wanke-wanke masu ƙamshi da muke zubawa a bayan gida ba sa kashe ta. Bilic ne maganinta, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa kamar yadda likitan ya rubuta mini, bayan an fara wanke ƙazantar da sabulu, a kuma bar shi ya jiƙa wurin na minti goma kafin a ɗauraye. Siminti da kwanoni da takalma sun wanku, buhunan da ya kwanta a kai muka ƙone, amma ƙasar da ke ƙarƙashin tankin ruwa ba ta wankuwa, sai da muka kankare samanta da shebur muka binne. An tabbatar mini ba ta kama mutum, duk da haka na hana yara zuwa gonar, don kada su ɗauke ta a ƙafa su kai wa karen wani. Duna kansa ya ƙara mako biyu a killace, saboda wanda ya warke yana ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinsa na wani lokaci.

Masu zuwa sayen ƙwai da suka ji labarin sukan tambaye ni shawara idan za su sayi kare, kuma na lura ina amsa musu da zafin da ba su cancanta ba. Abin da nake ce musu shi ne kada su tambayi ko an yi masa allura, domin kowane mai sayarwa zai ce an yi kuma ba ƙarya ya yi ba, su tambayi sau nawa, yaushe, wa ya yi, kuma yaushe ce ta gaba. Ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, idan ya ƙi abinci ya kuma yi amai, ranar za a kai shi likita, kada a jira jini, domin ni jini na jira. Mafaraucin nan har yanzu yana nan a kan bakarsa cewa manjansa ne ya fitar da gubar, na daina musu da shi.

Da Duna ya murmure an ƙarasa masa sauran allurorin, saboda ba farbo kaɗai suke karewa ba, aka kuma yi masa ta haukan kare. Yanzu watansa 10, yana kwana a bakin garken raguna, ko da yake a idona bai kai girman da ƙafafunsa suka yi alkawari ba tun yana ƙarami. A watan jiya ƙanena ya zo da wani ɗan kwikwiyo a kwali yana so in riƙe masa a gona, na hana shi ko sauke kwalin daga kan babur, ya tafi yana fushi. Katin Duna kuwa na manna shi a bangon ɗakin ajiyar abincin kaji, a gefen jadawalin Gumboro da Lasota, kuma na sa yaron gona ya bi kan rubutun fensir ɗin da jan biro.