Kafin a buɗe gwangwanin antiruy

Mutane da yawa a Damagaram sun ɗauka tsatsa ciwon motocin bakin teku ne, irin na Kwatano da Legas. Ba su rasa gaskiya ba. Ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, sauran watanni kuwa iska a bushe take. Shi ya sa za ka ga Peugeot 504 ta haura shekara talatin, rufinta da bonet lafiya lau, rana ce kawai ta ƙone fentin. Amma duk wanda ya yi aikin tayar da tsofaffin motoci ya san tamu tsatsar daga ciki take ci. Kafin ta leƙo waje ta gama da ƙasan ƙofa, da daɓen mota, da cikin shasi.

Abu na farko da na ɗauka a wurin maigidana shi ne tambaya. Ba ya taɓa mota sai ya ce da mai ita: "Alhaji, me take ɗauka?" Amsar ce ke nuna masa inda zai kai guduma. Motar da ta sha jigilar kanwa da manda daga ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Soroa, ko kantun gishirin Bilma, bayanta ne ke fara lalacewa, domin gishiri yana riƙe laima kuma yana hanzarta cin ƙarfe. Wadda ke kai tumaki da awaki kasuwannin ƙauye, fitsarin dabbobi ne ke bin mahaɗin faranti yana kwantawa. Wadda aka shigo da ita daga Turai ta tashar Kwatano kuwa, da ciwonta ta zo, tunda can suna watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara. Sai mazaunin batir, wanda ruwan batir ke ci a kowace mota, ko me take ɗauka.

Sai ƙura, wadda a ganina ita ce babbar mai laifi a nan. Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe da ruwa da iska sun haɗu, kuma ƙura ce ke ba ruwan masauki. Duk tsawon rani tana shiga cikin ƙofofi da ramukan shasi, tana toshe ƴan hudojin da masu ƙera mota suka bari a ƙasan ƙofa don ruwa ya fita. Ruwan farko na sauka sai ta zama taɓo. Waje ya bushe cikin awa guda, ciki kuwa ya yi makonni da danshi. Masu wanki ma suna ƙara nasu, ko da ba damina. Na sha buɗe ƙofar tsohuwar Land Cruiser in kwashe ƙasa cike da tafi biyu, ƙarƙashinta kuma ƙarfe ya zama gari.

To, a nan ne ake yawan ruɗuwa da maganin tsatsa. Mai mota ya sayo antiruy, wato fentin hana tsatsa, a kasuwa, yaro ya shafa a kan ƙarfen da ya yi tsatsa, a bi da mastik, ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a fesa fenti mai ƙyalli. Daminar farko sai ga ƙuraje sun taso, a ce gwangwanin jabu ne. Wani lokaci jabun ne, ba na musu. Amma galibi ba laifinsa ba ne. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka in an rufe ta da ranta, kumbura za ta yi ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Shafa fenti a kanta kamar yaɓe ne a kan ginin da gara ke ci. Sai an kankare da burushin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, wurin ya bushe. Inda ya huje kuwa babu maganin da zai mayar da shi. A yanke, a yi walda da sabon faranti.

Magungunan ma ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake a bakin mutane duk antiruy ne. Akwai ruwan da ke juya ragowar tsatsa ta yi baƙi ko toka-toka. Asid ne a cikinsa, kuma amfaninsa a ƴan ramukan da burushi bai kai ba. Kan ɓawo mai kauri ba ya ratsawa. Akwai mai tutiya, irin abin da ke jikin kwanon rufi: ita tutiyar ce ke ciwuwa a madadin ƙarfe, amma sai ta taɓa ƙarfen kai tsaye, don haka shafa shi a kan tsohon fenti asarar kuɗi ce. Akwai epoksi, fenti mai gwangwani biyu da ake haɗawa kafin a fesa, wanda na fi yarda da shi, domin yana toshe ruwa sosai. Shi ake fara fesawa, mastik ya biyo baya. Mastik yana shan ruwa, kuma in babu abin da ya raba shi da ƙarfe, shi da kansa zai riƙe danshin. Jan fentin minyom na da kuwa, wanda dattawan sana'a ke yabo, yana da ƙarfi ƙwarai, amma dalma ce a cikinsa, ita kuwa guba ce. Wanda ke gurza tsohuwar mota ba tare da ya rufe hanci ba, ita yake shaƙa. Madarar da ake ba yara su sha bayan fesa fenti ko waldar ƙarfe mai tutiya ba ta fitar da komai daga huhu.

Akwai wurin da ido ba ya gani, wanda ya fi ko'ina saurin komawa: bayan walda. Wuta tana ƙone fentin ɗaya gefen, ta bar ƙarfe tsirara a cikin rami. Maigida yakan ce: "Kai yaro, ka gyara fuska, wa ka bar wa ƙeya?" Dole a nemi hanyar tura magani ciki, ko ta hudar da ke akwai ko a huda sabuwa a toshe da roba. Direbobi sun saba ɗura baƙin man inji a shasi. Ba zan ce ba ya komai ba, yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana lalata robobi, yashi yana manne masa, kuma ranar da za a yi walda a wurin sai an yi hattara da gobara. Kwaltar da ake shafawa ƙarƙashin mota ma haka: in zafinmu ya busar da ita ta tsage, ruwa ya shiga bayanta, ba mai gani sai ƙafa ta burma.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, epoksin da aka haɗa yana daskarewa a kofi kafin a gama, don haka kaɗan-kaɗan muke haɗawa, da sassafe. Da hunturu hazo ne ke sauka a kan ɗanyen fenti, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a kewaye wurin da tamfol. Da damina, ƙarfen da aka kankare da yamma yakan wayi gari ya yi ja, saboda haka ba ma kankare abin da ba za mu iya rufewa a ranar ba.

Abin da ya fi wuya shi ne mai mota. Kuɗin da ya ware na abin da za a gani ne, aikin tsatsa kuwa duk a ɓoye yake. In kuɗin ba za su kai duka biyu ba, shawararmu ɗaya ce: a gama daɓe da shasi da ƙasan ƙofofi, motar ta fita da tokar fentin farko, in an samu hali bayan kaka a dawo a yi mata launi. Wasu sukan yarda. Wasu su ja motarsu zuwa garejin da zai ba su ƙyalli kafin Sallah.